Komawa gida bayan bam: Lissafin gubar da ke jiran mutanen Bikini da Rongelap

A watan Agustan 1968 gwamnatin Amurka, ƙarƙashin Shugaba Lyndon Johnson, ta sanar wa duniya cewa tsibirin Bikini ya tsarkaka, masu shi suna iya komawa gida. A lokacin shekara 22 ke nan rabonsu da ƙasar kakanninsu. Wasu iyalai suka gaskata, suka koma a farkon shekarun 1970, suka tare a gidajen siminti da aka gina musu. A 1978 sai ga jiragen ruwa sun dawo, aka sake kwashe mutum kusan 140, aka shaida musu cewa jikinsu ya tara gubar nukiliya fiye da kima. Tsakanin waccan sanarwa da wannan kwasa ta biyu ba a fasa ko bam ɗaya a wurin ba, hasali ma gubar da ke cikin ƙasar raguwa take yi kowace shekara. Lissafin da aka dogara da shi ne ya rushe. Shi nake so mu duba, domin a ganina ba kasafai ake samun wurin da alƙalamin masani ya yi iko da makomar al'umma sukutum kamar nan ba.

Tsibiran Marshal suna tsakiyar tekun Fasifik, tsakanin Hawai da Ostareliya. Yawancinsu zobe-zobe ne: jerin ƙananan tsibirai na dutsen murjani da suka kewaye wani makeken tafki na ruwan teku, tudunsu bai wuce 'yan taku sama da ruwa ba. Amurka ta ƙwace su daga hannun Japan a Yaƙin Duniya na Biyu, a 1947 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta damƙa mata su a matsayin amana. Kalmar amana ce a rubuce a takardar. Daga 1946 zuwa 1958 mai riƙon amanar ta gwada makaman nukiliya 67 a zoben Bikini da na Enewetak. Mutanen Bikini su 167 aka kwashe a watan Maris na 1946 zuwa Rongerik, inda yunwa ta kusa gamawa da su, daga nan Kwajalein, daga nan Kili, wani ɗan tsibiri marar tafki, marar mashigar kwalekwale, ga mutanen da kamun kifi ne rayuwarsu. Mutanen Enewetak aka kai su Ujelang a ƙarshen 1947.

Gwaji mafi muni shi ne wanda aka yi wa laƙabi da Bravo, ranar 1 ga Maris 1954. Masu ƙera bam ɗin sun yi hasashen ƙarfinsa zai kai na tan miliyan 6 na nakiya, sai ya ba da tan miliyan 15, wato kusan ninki dubu na bam ɗin Hiroshima. Ya niƙe murjani ya cilla shi sama, iska ta kwashi garin ta yi gabas. Bayan 'yan sa'o'i wata farar toka ta fara zuba a kan Rongelap, fiye da kilomita 150 daga wurin fashewar. Mutum 82 abin ya rutsa da su a can da wani tsibiri na kusa, ban da jarirai huɗu da ke ciki. Tokar ta sauka a gashinsu, da abincinsu, da tankunan ruwan saman da suke sha. Sai bayan kwana biyu aka zo ɗaukarsu, a lokacin amai ya fara, daga baya fata ta sale, gashi ya zube. Tokar ta kai Utirik, ta kuma zuba kan wani jirgin masunta na Japan mai mutum 23, wanda mai kula da rediyonsa, Aikichi Kuboyama, ya rasu a watan Satumba na shekarar.

Daga nan lissafi iri biyu ya taso, kuma yana da kyau mai karatu ya raba su. Akwai lissafin waiwaye: nawa ne tururin nukiliyar da ya riga ya ratsa jikin wane a rana kaza? Akwai kuma lissafin hange: idan mutane suka koma tsibiri kaza bana, nawa zai ratsa jikinsu a kowace shekara, har yaron da za a haifa a can ya tsufa? Na farko shi ke yanke diyya. Na biyu shi ke yanke ko za a koma gida.

Lissafin waiwaye aikin bin sawu ne bayan ruwa ya yi. Babu wanda ya rataya ma'auni a wuyansa a Rongelap ranar da tokar ta sauka. Sai masana suka ɗauki awon da aka yi a tsibirin kwanaki bayan haka, suka koma baya da shi bisa sanin saurin da tururin ke raguwa, suka haɗa da lokacin da tokar ta iso da lokacin da aka kwashe mutane. Wanda ya fi wuya shi ne abin da ya shiga ciki. Sinadarin aidin mai guba, da zarar ya shiga jiki, yana tafiya kai tsaye zuwa ƙulluwar nan ta maƙogwaro wadda kumburinta ke jawo maƙoƙo, domin jiki ba ya bambanta shi da aidin ɗin da ake sa mana a gishiri. Nau'insa mai lamba 131 yana rasa rabin ƙarfinsa duk kwana 8, wasu 'yan uwansa kuma cikin sa'o'i suke ɓacewa. Babbar shaidar da aka dogara da ita ita ce fitsarin da aka tara daga mutanen Rongelap bayan fiye da mako biyu da fashewar, lokacin da masu gajeren ran sun riga sun yi ɓarnarsu sun shuɗe ba tare da barin alama ba. Ƙiyasin farko ya raina abin da yara suka sha. Ƙulluwar yaro ƙarama ce, don haka aidin daidai da na babba ya fi taruwa a cikinta. Shekara tara zuwa goma bayan Bravo ƙulle-ƙulle suka fara fitowa a maƙogwaron yaran, har ya zama mafi yawan waɗanda ba su kai shekara 10 ba a ranar sun sami matsala, aka yi wa da dama tiyata. Lekoj Anjain, wanda yake ɗan shekara ɗaya a ranar Bravo, sankarar jini ta kashe shi a 1972.

A 2010 masu bincike na Cibiyar Binciken Sankara ta Amurka suka wallafa sabon lissafi na dukkan ƙasar. Suka ƙiyasta cewa a cikin mutum kimanin 25,000 da suka zauna a tsibiran tsakanin 1948 da 1970, tokar gwaje-gwajen za ta ƙara sankara kusan 170 a kan wajen 10,600 da dama za su auku ko babu bam. A faɗin ƙasa wannan bai kai kashi 2 cikin 100 ba. A tsakanin waɗanda tokar ta zuba wa a Rongelap kuwa ya haura rabi. Shekara shida kafin nan, ita wannan cibiyar ta ba da adadin da ya kai kusan 500. Ban kawo wannan don zargin kowa ba. Na kawo shi ne domin a ga yadda adadi ke motsi da zarar an sauya zaton da aka gina shi a kai.

To, mu dawo kan lissafin hange, wanda shi ne ainihin maganarmu. Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa milisibat, kuma yana auna nauyin cutarwar da tururi ya yi wa jiki. Kowane ɗan Adam, ko a Kano yake ko a Majuro, yana karɓar wani kaso daga ƙasa da duwatsu da sararin sama da abinci. An daɗe ana ƙiyasta matsakaicinsa a duniya da milisibat 2.4 a shekara. Ƙa'idar da yawancin ƙasashe ke bi ita ce kada ayyukan ɗan Adam su ƙara wa talaka fiye da milisibat 1 a shekara a kan wannan, ma'aikacin nukiliya kuma kada ya wuce 20. Zaton da masana kariya ke aiki da shi shi ne haɗarin sankara na ƙaruwa daidai da ƙaruwar kason, babu wani mataki da za a ce ƙasa da shi sifiri ne. A ƙiyasinsu, milisibat 1 a kowace shekara na tsawon shekara 70 yana ƙara haɗarin mutuwa da sankara da kusan mutum ɗaya cikin 300.

Tururin yana samun mazaunin tsibiri ta hanya uku. Yana ratsa shi daga waje, daga ƙasar da yake takawa yake kwana a kai. Yana shaƙar sa a ƙura, kuma nan ne fulutoniyam ke da muhimmanci, wanda nau'insa mai lamba 239 sai ya yi shekara 24,000 kafin ya rasa rabin ƙarfinsa. Sannan yana cin sa. Hanya ta farko ita ta fi sauƙin awo: a ɗauki na'ura a zagaya, ko a ɗora ta a jirgi mai saukar ungulu kamar yadda aka yi a 1978. Ta biyu, duk da tsoron da sunan fulutoniyam ke jawowa, rabonta a jimlar lissafin ɗan kaɗan ne. Ta uku ita ce uwa uba. A binciken da ɗakin gwaje-gwaje na Livermore ya shafe shekaru yana yi ƙarƙashin William Robison, kusan kashi 90 cikin 100 na kason da mai komawa Bikini zai samu daga sinadari guda yake zuwa, siziyam mai lamba 137, kuma ta bakinsa yake shiga.

Dalilin haka yana cikin ƙasar noma, kuma manomin da ya taɓa sayen buhun NPK zai gane shi. Harafin K da ke jikin buhun fotashiyam ne, abincin da kowane tsiro ke nema. Siziyam ɗan uwansa ne na jini, saiwar tsiro ba ta iya raba su sosai. A ƙasa mai yumɓu, irin ta Turai da Amurka inda aka yi yawancin binciken farko, yumɓun yana damƙe siziyam ya hana shi motsi, ga kuma wadatar fotashiyam, sai tsiro ya ɗebi kaɗan. Ƙasar tsibiran Marshal kuwa garin murjani ce da ruɓaɓɓen ganye, babu yumɓu, fotashiyam ɗinta ƙaranci gare shi ƙwarai. Bishiya mai yunwar fotashiyam takan zuƙi duk abin da ya yi kama da shi. Sai siziyam ya hau cikin kwakwa, naman da ruwan duka, ya shiga sauran 'ya'yan itatuwan da suke ci, ya shiga alade da kajin da ke cin ɓawon kwakwa, ya shiga babbar ƙaguwar tudu da ke fasa kwakwa ta ci. Ganye ya faɗi ya ruɓe, saiwa ta sake zuƙa. Abin mamaki, kifin tafkin, wanda a cikinsa aka fasa bama-baman, shi ne ya fi tsabta, domin ruwan teku ya wanke ya kuma tsarma.

Ga yadda lissafin yake a sauƙaƙe. Yawan guba a cikin abinci ana auna shi da bekarel. Babban mutum idan ya haɗiye bekarel kimanin 77,000 na siziyam 137 ya sami milisibat 1. A raba wannan da kwanakin shekara, ya zama wajen bekarel 210 a rana. Yanzu mu ƙaddara, alal misali kawai, kowane giram na kwakwa yana ɗauke da bekarel 2. Wanda ke cin giram 100 a rana ya kusa cika milisibat 1 a shekara. Wanda ke cin giram 500, tsakanin ruwa da nama da madarar da ake tatsa a zuba a girki, ya kusa 5. Bishiya ɗaya, tsibiri ɗaya, awo ɗaya, amma amsa ta ninka sau biyar, saboda abin da aka rubuta a gurbin "me mutum ke ci a rana". Nakan gaya wa ɗalibaina cewa na'urar da ta fi tsada a wannan aiki tana iya ba da awo daidai har zuwa ɗigo, amma mai riƙe da ludayi a madafa ita ke da rabin amsar.

Nan ne lissafin 1968 ya faɗi. Masu shi sun auna tururin da ke fitowa daga ƙasa, sun ga bai yi yawa ba, amma kwakwar da suka sa a cikin jadawalin abinci ba ta kai ko kusa da abin da mutumin tsibiri ke ci ba, alhali ita ce ruwan shansa in rijiya ta yi zartsi, ita ce mansa, ita ce miyarsa. Akwai kuma wani tarko na lokaci. Sa'ad da aka share tsibirin a 1969 an dasa sababbin bishiyoyin kwakwa dubbai, kuma kwakwa takan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai kafin ta fara 'ya'ya. Waɗanda suka koma da farko abincin jirgi suke ci, awon jikinsu ya nuna lafiya lau. Da bishiyoyin suka fara haihuwa sai awon ya tashi. An ce musu su daina ci, amma jirgin abinci ba ya zuwa a kan kari, kuma ban san uwar da za ta hana ɗanta kwakwar da ke lilo a kansa alhali tukunya babu komai ba. Su kansu mutanen Bikini sun shiga kotu a 1975 suna neman a yi cikakken binciken tsibiransu, wato sun riga hukuma shakka.

Abin da ya tona asirin shi ne awon jiki kai tsaye. Siziyam 137 yana fitar da wani haske mai ratsa nama wanda yake da tambarinsa na kansa, don haka idan aka zaunar da mutum gaban na'ura na 'yan mintuna za ta faɗi bekarel nawa ke cikin jikinsa, ba tare da an tambaye shi me ya ci ba. Likitocin ɗakin bincike na Brookhaven sun yi wannan awo a Bikini, suka ga adadin ya ninka sau da yawa cikin 'yan shekaru, a watan Afrilun 1978 kuma wasu sun haura iyakar da dokar Amurka ta yarda da ita. Gani ya kori ji. Sai dai wannan na'ura tana da aibi guda: ba ta magana sai mutum ya riga ya koma ya riga ya ci. Abin sauƙin shi ne siziyam ba ya daɗewa a jiki, babban mutum yakan fitar da rabinsa cikin wata uku zuwa huɗu. Sitironshiyam 90, wanda ke kama da sinadarin ƙashi, shi kan maƙale a ƙashi ya yi shekaru.

Labarin Rongelap ya fi ɗaci. An mayar da su gida a 1957, shekara uku bayan Bravo, ba tare da an share tsibirin ba. A takardun wancan lokaci, waɗanda aka buɗe daga baya, akwai inda masu bincike suka rubuta cewa zaman mutanen a wurin zai samar da bayanai masu daraja game da yadda jikin ɗan Adam ke ɗaukar guba daga muhallinsa. Har yau ana jayayya kan ko da gangan aka mayar da su abin gwaji. Abin da babu jayayya a kansa shi ne likitan da ke duba su shi ne kuma mai tattara bayanai ga hukumar da ta fasa bam ɗin. A 1982 aka raba musu wani ɗan littafi cikin harshensu mai ɗauke da taswirar awon 1978, suka ga an yi wa wasu tsibiran zobensu alama irin wadda aka yi wa Bikini, inda aka riga aka kwashe mutane. Suka nemi a kwashe su, aka ce babu buƙata. A watan Mayun 1985, bisa jagorancin ɗan majalisarsu Jeton Anjain, jirgin ƙungiyar Greenpeace mai suna Rainbow Warrior ya kwashe su, mutum wajen 300, da kwanon rufinsu da katakonsu, zuwa tsibirin Mejato. Wata biyu bayan haka jami'an leƙen asirin Faransa suka nutsar da wannan jirgi a tashar Okland ta Niyu Zilan, domin yana shirin zuwa adawa da nasu gwajin a Moruroa.

Ambaton Faransa ya sa dole in ɗan ratse. Mu ma nan iskar gwaji ta taɓa kaɗawa kusa da mu. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta fasa bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, hamadar da hunturu ke taso mana daga gare ta. Gana ta riƙe kadarorin Faransa, Nijeriya kuma ta yanke hulɗar jakadanci da ita a watan Janairun 1961 bayan gwaji na uku. Iyayenmu sun fahimci cewa toka ba ta san iyakar ƙasa ba.

Bayan abin kunyar 1978 aikin ya inganta ƙwarai, wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗa. An ɗebi dubban samfurin ƙasa da kwakwa da kifi da ruwan rijiya. An daina ba da adadi guda, aka koma ba da biyu: idan jirgin abinci yana zuwa, da kuma idan ya daina. A ƙarshen shekarun 1990 kwamitin ƙwararru na Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ya duba bayanan, ya ce wanda ya koma tsibirin Bikini ya dogara kacokan da abincin gida zai sami kusan milisibat 15 a shekara, don haka bai kamata a koma zama na dindindin ba sai an yi gyara. Mai haɗawa da abincin waje, a lissafin Livermore, wajen 4 zai samu. Lokaci ma yana taimakawa. Siziyam 137 yana rasa rabin ƙarfinsa duk shekara 30, ke nan daga 1954 zuwa yau abin da ya rage kusan kashi ɗaya cikin biyar ne, ruwan sama kuma yana wanke shi zuwa ƙarƙashin ƙasa, har awon bishiyoyi ya nuna yana raguwa da rabi cikin ƙasa da shekara 10.

An kuma gano magani, kuma daga cikin cutar ya fito. Tunda yunwar fotashiyam ce ke sa bishiya zuƙar siziyam, sai a ƙosar da ita. Gwajin da aka yi a Bikini ya nuna cewa zuba takin fotashiyam da yawa yana rage siziyam ɗin cikin kwakwa da fiye da kashi 90 cikin 100, bishiyar ma ta ƙara kyau. Shawarar da aka bayar ita ce a kankare ƙasar sama a inda za a gina gidaje, a shimfiɗa niƙaƙƙen murjani, sauran gonakin kuma a bi su da taki. A takarda dabara ce mai kyau da arha. Amma takin ba ya cire gubar, rufe mata baki kawai yake yi, kuma sai an riƙa maimaitawa bayan 'yan shekaru. Wa zai saya? Wa zai tabbatar jirgin takin ba zai bi sawun jirgin abinci ba? Shi ya sa da yawa daga mutanen Bikini suka fi son a kankare tsibirin gaba ɗaya, ko da yake hakan na nufin tumɓuke bishiyoyi da zubar da 'yar ƙasar noman da ta ɗauki ɗaruruwan shekaru tana taruwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ga kuma tambayar inda za a kai ƙasar da aka kankare. A Enewetak, tsakanin 1977 da 1980, sojojin Amurka dubbai sun tara irin wannan ƙasa a ramin da wani bam ya haƙa a tsibirin Runit, suka rufe da kwanon kankare, ƙasan ramin kuwa ba a daɓe shi ba, ruwan teku na shiga yana fita. Mutanen Enewetak sun koma kudancin zoben a 1980. Na tsibirin Enjebi da ke arewa har yau ba su koma nasu ba.

Ko da awo ya yi daidai, akwai tambayar da na'ura ba ta amsawa: nawa ne "ya isa a koma"? Yarjejeniyar 1992 kan Rongelap ta sa milisibat 1 a shekara, kuma ga wanda ya fi kowa cin abincin gida, ba ga matsakaicin mutum ba. Kotun Da'awar Nukiliya ta Tsibiran Marshal ta ɗauki 0.15, domin shi ne mizanin da hukumar kare muhalli ta Amurka ke amfani da shi a lokacin wajen share gurɓatattun wurare a cikin Amurka, bisa hujjar cewa ran baƙo bai fi na ɗan gida arha ba. Japan, bayan haɗarin Fukushima na 2011, ta sa 20 a matsayin iyakar ɗage dokar hana komawa. Daga 0.15 zuwa 20 ninki fiye da 130 ne, kuma kowanne yana da masana a bayansa. A 2016 wata tawaga daga Jami'ar Kolumbiya ta auna tsibirin Bikini ta sami kusan milisibat 1.8 a shekara daga ƙasa kaɗai, kafin a sa abinci a lissafi. A mizanin Fukushima wannan ba komai ba ne, a mizanin Rongelap ya haura, a mizanin kotun kuwa ya ninka fiye da sau goma. Ra'ayina a nan shi ne hujjar kotun ta fi ƙarfi ta fuskar wanda zai biya kuɗin gyara: mai ɓarna ba shi da bakin neman rangwamen da ba ya yi wa kansa. Amma shawarar komawa ko ƙin komawa, bayan an shimfiɗa musu alƙaluman da harshensu, ta masu ƙasar ce.

Na faɗi haka ne domin zaman gudun hijira shi ma yana da nasa kason cutar, wanda babu milisibat ɗin da ke auna shi. A al'adar Marshal ƙasa ta wajen uwa ake gadonta, kuma matsayin mutum a cikin jama'a yana ɗaure da 'yar gonar danginsa. Wanda ke Kili ko Ejit ko Mejato a ƙasar wasu yake. Abincinsa shinkafa ce da fulawa da naman gwangwani, ciwon sukari kuma ya yi wa ƙasar katutu, tana cikin waɗanda suka fi fama da shi a duniya. Wato abincin jirgin da ke rage siziyam a lissafin masana shi ne ke kai mutane asibiti ta wata ƙofar. Kili kanta igiyar teku ta sha malale ta a shekarun baya-bayan nan. Dubban 'yan Marshal sun tattara sun koma Amurka, musamman garin Springdale na jihar Arkansas, inda da yawansu ke aiki a masana'antun sarrafa kaji.

Batun kuɗi kuma tsugune ba ta ƙare ba. Yarjejeniyar da ta fara aiki a 1986 ta ware dala miliyan 150 a matsayin sasanci na ƙarshe kan dukkan da'awar nukiliya. Kotun da aka kafa a ƙarƙashinta ta yanke diyyar da ta haura dala biliyan 2, ciki har da miliyan 563 ga Bikini a 2001, amma asusun ya ƙare ba a biya sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Gwamnatin Marshal ta kai koke Majalisar Dokokin Amurka a shekarar 2000 cewa al'amura sun canza tun da aka sa hannu, ba a amsa mata da kuɗi ba.

A Rongelap an ware dala miliyan 45 a 1996, an kankare ƙasar ƙauyen, an shimfiɗa murjani, an gina gidaje da filin jirgi, amma galibin jama'ar ba su koma ba. An kafa na'urorin awon jiki a Majuro da Enewetak da Rongelap, 'yan ƙasar da aka horar ne ke sarrafa su, mutum ya zauna a kujera a ba shi sakamakonsa a takarda. Bikini kuwa hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2010. Masu yawon buɗe ido kan je su nutsa cikin tafkin su kalli jiragen yaƙin da aka nutsar a gwajin 1946. Mazaunanta 'yan masu gadi ne ƙalilan, abincinsu daga waje ake kawo musu, kwakwar da aka dasa layi-layi a 1969 kuma tana nuna tana faɗuwa ƙasa. Daga cikin mutum 167 da aka kwashe a 1946, waɗanda suka rage da rai 'yan kaɗan ne, dukkansu sun kai shekara 80 ko sun kusa.